Ƙugin anfili: in kunne ya ji, jiki ya tsira

Daga wakilinmu na Damagaram

Duk wanda ya taɓa halartar bikin aure a Zango ko Sabon Gari, a daren da aka gayyaci ƴan orkes, ya san wannan ƙara ko da bai san sunanta ba. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru, an jawo waya daga gidan maƙwabci. Mai gita ya rataya gitarsa, yaro ya kunna anfili, wato akwatin nan da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi. Tun ba a taɓa tsarkiya ko guda ba, sai wani ƙugi mai kauri ya cika fili, ba ya hawa ba ya sauka, kamar na babbar mota da aka bari a kunne a bayan katanga. Faransawa suna ce masa «ronflement», wato minshari.

Daga nan sai kowa ya zama gwani. Wannan ya ce a rage murya, wancan ya ce a sake waya, wani kuma ya kai wa akwatin mari. A ƙarshe akan sami mai ƙarfin hali ya ɗauko awartaki ya karya ƙafa ta uku ta fulogi, ko ya tsinke waya mai launin tsanwa da ruwan ɗorawa. Wani lokaci ƙugin yakan ɗauke nan take, jama'a su yi tafi, kiɗa ya tashi. To, wannan dabara ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin ta taɓa cin rayukan makaɗa a wasu ƙasashe, kuma babu abin da zai hana ta ci a nan. Ƙugin anfili yana da dalilai sanannu, ana gano su da kunne da haƙuri, kuma mafi yawansu ba sa cin kuɗi mai yawa wajen gyara.

Daga kakaki zuwa anfili

Damagaram ba baƙuwar kiɗa ba ce. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, kakaki da algaita da tambari suke amsawa a ƙofar fada, kuma har gobe ba su bukatar waya. Mawaƙa irin su Ma'azu Ɗan Alalo da ƙarfin maƙogwaro suka yi suna. Gitar lantarki kuwa ta sami gindin zama ne tare da ƙungiyoyin kiɗan zamani, musamman bayan da aka buɗe bikin matasa na ƙasa karo na farko a nan Damagaram a shekarar 1976. Daga baya orkes irin su Super Haske suka ɗaukaka sunan garin. Bayan Taron Ƙasa na 1991, da aka buɗe fagen jam'iyyu da yawa, sai anfili ya fita daga hannun makaɗa kaɗai, ya shiga tarurrukan siyasa, ya ƙara yawa a masallatai da wuraren wa'azi da makarantu.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa: faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Kayan waje suka yi tsada ninki biyu, wanda yake da tsohon anfili ya rungume shi, masu gyaran rediyo suka sami kasuwa. Har yanzu da yawa daga cikin akwatunan da ke ƙugi a bukukuwanmu tsofaffi ne, ko kuma na gwanjo da suka sha duniya kafin su iso.

Mene ne yake ƙugin?

Wutar da kampanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, yake rabawa a gidaje tana da ƙarfin bolt 220, kuma ba miƙe take tafiya ba kamar ta batir. Kai da komowa take yi sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Duk abin da ya yi motsi sau 50 a daƙiƙa, in ya isa ga lasifika, kunne zai ji shi a matsayin sauti mai kauri. Ashe ke nan ƙugin ba komai ba ne illa muryar wutar kanta, wadda ta sami kafa ta kutsa cikin hanyar da aka keɓe wa kiɗa.

Yadda take samun kafar kuwa shi ne: a ƙarƙashin tsarkiyoyin gita akwai wani ɗan ƙarfe da makaɗa suke kira mikiron gita, mu kuma za mu ce masa kunnen gita. Mayen ƙarfe ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. In tsarkiya ta girgiza sai ya haifar da ƴar wuta kaɗan, wadda galibi ba ta kai bolt guda ba, anfili kuma ya riɓanya ta har ta iya motsa lasifika. Matsalar ita ce kunnen gita ba ya bambanta girgizar tsarkiya da tururin lantarkin da ke fitowa daga taransifo, ko fanka, ko fitilar niyon. Anfili shi ma bawa ne, duk abin da aka miƙa masa ƙarawa yake yi.

Wannan ciwo ya daɗe da damun masu ƙera gita. A Amurka, inda wuta take kai da komowa sau 60, wani injiniyan kampanin Gibson mai suna Seth Lover ya ƙera kunne mai naɗi biyu a 1955, aka fara sa shi a gitar Les Paul a 1957. An naɗe ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ta yadda ƙugin da ya shiga wannan zai kashe wanda ya shiga wancan, kiɗa kuwa ya wuce lafiya. Sunansa «humbucker». Amma gita samfurin Stratocaster ta kampanin Fender, wadda ta fito a 1954, da dubban kwaikwayonta masu araha da suka cika kasuwanninmu, kunne mai naɗi guda gare su. Muryarsu garau take, shi ya sa makaɗan Sahel suke son su, sai dai suna da saurin kwasar ƙugi.

Bincike daki-daki

Kafin a taɓa komai, a fara da saurare, domin ba kowace ƙara ce ƙugi ba. Ƙarar da ke yin ƙaras-ƙaras in an murɗa maɓalli ƙurar hunturu ce ta shiga ciki, kuma tsabtacewa take so. Kuwwa mai tsini da ke tashi in mikiro ya fuskanci lasifika maganinta a raba su. Ƙugi na gaskiya shi ne mai kauri wanda ba ya yankewa. In an tabbata shi ne, sai a bi waɗannan matakai bi da bi, ana sake abu guda kawai a kowane mataki. Wanda ya sake abu uku a lokaci guda, ko ya yi dace ba zai san abin da ya warkar ba.

Na farko, a zare wayar gita daga bakin anfili. In ƙugin ya ɗauke, anfili lafiyarsa lau, laifin yana ga waya ko gita ko wurin da aka tsaya. In bai ɗauke ba, a mai da maɓallin murya sifiri. Ƙugin da ya ci gaba bayan an rufe murya, daga cikin akwatin yake ko daga wutar da ake ba shi.

Na biyu, a gwada wata waya. Wayar gita tana da zare a tsakiya da kuma saƙaƙƙiyar riga ta ƙarfe da ke kāre shi. Takawa da naɗewa da fizga suna tsinka rigar a gindin jak, inda aka liƙa da dalma. Wannan shi ne dalilin da ya fi yawa, shi ne kuma mafi arahar gyara. Haka nan kada a yi amfani da wayar lasifika a madadin ta gita, domin ita ba ta da riga.

Na uku, mai gita ya juya a hankali inda yake tsaye, kamar mai neman tasha da rediyo. In ƙugin yana ƙaruwa yana raguwa da juyawar, to daga iska yake shigowa. A kashe fitilun niyon, da fanka, da firji, da cajar wayar hannu ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifi. A nisanta gita daga regilatar da kuma taransifon anfilin kansa. Tazarar taku uku ko huɗu takan isa.

Na huɗu, a ɗora hannu a kan tsarkiyoyi. In ƙugin ya ragu, haka abin ya kamata ya kasance, kuma ana iya rage saura ta hanyar liƙa takardar jan ƙarfe ko ta alminiyom a cikin ramin gitar, a haɗa ta da mas. In bai sake ba sam, ko ya ƙaru, to ƴar wayar da ke haɗa tsarkiyoyi da mas ta tsinke, ko kuma an juya wayoyin jak wajen gyara. Amma in hannu ya ji tsikari, ko leɓe ya ji cizo a jikin mikiro, a nan bincike ya ƙare. A kashe komai a zare fulogi, domin wannan ba maganar ƙugi ba ce kuma, maganar rai ce.

Na biyar, a duba inda aka sa kowane fulogi. In anfili yana shan wuta a firiz ɗin wannan gida, teburin haɗa sauti kuma yana sha a na wancan, alhali waya ta haɗa su, sai ƴar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta cikin rigar wayar, ƙugi ya tashi. Masu sana'a suna kiran wannan «boucle de masse». Maganinsa a tara kayan sauti duka a kan ralonji guda mai wayar ƙasa, ko a sa ɗan akwatin nan mai taransifo da ake kira DI tsakanin anfili da tebur, wanda ke raba su ba tare da an taɓa wayar tsaro ba.

Zafi, ƙura da kayan gwanjo

Saura ƙugin da ke cikin akwatin kansa. Anfili ba ya aiki da wuta mai kai da komowa, sai ya miƙar da ita tukuna. Mutumin Damagaram, wanda ya san wahalar ruwa, zai gane abin da sauƙi: mai garuwa yana zubawa a randa lokaci-lokaci, masu gida kuma suna ɗiba a kai a kai ba tare da sun ji yankewa ba. A cikin anfili akwai wasu gwangwanaye da ake kira kondansatar, su ne randar. Ana zuba musu wuta sau 100 a daƙiƙa. In sun tsufa, ruwan maganin da ke cikinsu ya bushe, ba sa riƙe abin da aka zuba, sai kowace zubawa ta fito a lasifika.

Makaɗi yana iya gane wannan da gitarsa. Tsarkiya mafi kauri, in an kaɗa ta a sake, tana girgiza wajen sau 82 a daƙiƙa. In an danne ta a gaɓa ta uku, wajen sau 98. Saboda haka ƙugin da ya yi kusan daidai da muryar gaɓa ta uku na sau 100 ne, kuma kondansatar yake nunawa. Wanda ya fi kowace tsarkiya kauri na sau 50 ne, kuma yawanci daga waya ko mas ko maƙwabtan na'urori yake.

Masu ƙera kondansatar suna da ƙa'ida: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansa. A garin da zafin Afirilu da Mayu yake wuce digiri 40 a inuwa, ga ƙura ta toshe kafofin shan iska, ga akwati an bar shi a bayan mota cikin rana, ba abin mamaki ba ne anfilin da zai shekara ashirin a Turai ya fara minshari da wuri a nan. Sake kondansatar aiki ne ƙarami ga wanda ya iya, amma ba na ɗan koyo ba ne. A cikin anfili mai kwalabe, irin na da, gwangwanayen nan suna iya riƙe fiye da bolt 400 bayan an zare fulogi.

Ƴan kasuwa kuma su lura da rubutun da ke bayan akwati. Kayan da aka ƙera domin Amurka na bolt 120 ne da kai da komowa 60. Ko an sa musu taransifon rage wuta, nasu taransifon na ciki yakan fi zafi da ƙugi a kan wutarmu mai 50, kuma da yawa daga cikin ƙananan taransifon rage wutar ba su da hanyar wayar ƙasa.

Ita ma wutar tana da nata hali. Tun 1994 Damagaram da Maraɗi suke samun wuta daga Najeriya ta babban layi mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, kafin ta maido ta a watan Maris na 2024, mutane da yawa sun koma ga gurup da faifan hasken rana. Ƙaramin gurup sai injinsa ya juya sau 3000 a minti kafin ya ba da kai da komowa 50. In kaya ya yi masa yawa ya sassauta, za a ji muryar ƙugin tana hawa da sauka tare da injin. Na'ura mai araha da ke juya wutar batir ta zama ta gida kuwa wani zuuu mai kaushi take haifarwa, kamar na ƙudan zuma. Gwajin da ke raba gardama shi ne a haɗa gitar da ƙaramin anfili mai batir a wuri guda: in shiru, to wutar ce ko babban akwatin.

Waya ta uku

Yanzu mu koma ga mai awartaki. Tsarkiyoyin gita a haɗe suke da ƙarfen jikin anfili ta cikin rigar waya. Jikin anfilin kuma a haɗe yake da ƙasa ta waya ta uku, wadda masu aikin lantarki suke kira «terre». Ranar da wata waya ta goge a ciki ta taɓa ƙarfen akwatin, wannan waya ta uku ce za ta kwashe wutar ta zuba a ƙasa, dijontar ya faɗi, biki ya yi duhu, kowa ya koma gida da ransa. In an riga an tsinke ta, wutar za ta tsaya a jikin akwatin da tsarkiyoyi tana jiran hanya. Mai gita ya riƙe tsarkiya da hannun hagu, ya kai baki ga mikiro, ko yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, sai shi ya zama hanyar, kuma ta ƙirji za ta bi. Gumi yana ƙara buɗe mata ƙofa. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ampar guda ba tana iya rikita bugun zuciya.

A ranar 3 ga Mayu 1972, a garin Swansea na ƙasar Birtaniya, Leslie Harvey, mai gitar ƙungiyar Stone the Crows, ya taɓa mikiron da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba, ya faɗi a gaban ƴan kallo, ya rasu yana da shekara 27. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya rasu a gidansa yana kaɗa gita da kayan da ba su da kyakkyawar wayar ƙasa. Waɗannan ƙwararru ne, a ƙasar da ke da dokokin lantarki masu tsauri.

A wajenmu ma ba sai an ɗauko awartaki ba wayar take ɓacewa. Kayan da ke shigowa daga Kano fuloginsu irin na Ingila ne, mai ƙafa uku masu kusurwa, alhali firiz ɗin gidajenmu irin na Faransa ne, mai rami biyu da ɗan ƙarfe guda a tsaye, wanda shi ne na ƙasa. Ɗan adaftan da ake saye a kasuwar Dole domin sasanta su, sau da yawa ƙafa biyu gare shi. Anfili zai kama, amma tsaron ya tsaya a bakin bango. Ralonji mai waya biyu ma haka.

Dutsen Damagaram

Ko an sa waya ta uku, sai ta sami ƙasa mai karɓa. Damagaram a kan dutse take zaune. Manyan duwatsun da ke cikin Birni shaida ne, su ne kuma suka sa ruwan rijiya yake da wuya a garin. Busasshen rairayi da dutse ba sa shan wuta da kyau. Sandar ƙarfen da aka kafa kamu biyu a cikin yashi, a watan Maris kusan ado ce kawai. Ƙa'idar Faransa, wadda masu aikin lantarkinmu da yawa suka koya, ta ce turjiyar ƙasa kada ta wuce om 100 a gidan da babban dijontarsa yake na miliampar 500, kuma da na'ura ake auna wannan, ba da ido ba. A kafa sanda mai tsawo, ko sanduna da yawa a haɗe, a wurin da ke da danshi. Gawayi da gishirin da aka saba zubawa a ramin suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, saboda haka a riƙa dubawa. Gurup shi ma a kafa masa tasa sandar.

Abin da ya fi dacewa da irin ƙasarmu shi ne a ƙara da dijontar mai gane yoyo, wanda ake kira «différentiel», na miliampar 30. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta komo. In ya ga giɓi, ya san ta bi wata hanya, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Akwai maɓallin gwaji a jikinsa, a danna shi kafin kowane wasa.

Nauyin da ke wuyanmu

Ɗan kasuwa da ke sayo kayan sauti, ya duba bolt da fulogi tun a wurin saye, ya kuma ajiye ralonji mai waya uku da fulogin Faransa a kantinsa. Sake fulogi gaba ɗaya ya fi adafta. Mai ba da hayar kaya ya kai akwatunansa wurin mai gyara sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a busa ƙura a duba kondansatar da wayar ƙasa, ya kuma sa différentiel a kan ralonjinsa. Ma'aikacin da aka ɗora wa shirya taro, ko shugaban makaranta, ko ɗan kwamitin masallaci, kafin ya sa hannu a takardar haya ya tambaya a nuna masa inda wayar ƙasa take. Ladanin da ke riƙe mikiron ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala yana cikin haɗari iri ɗaya da mai gita.

Uban ango da ya kashe dubban jikkuna a kan abinci da kujeru, kada ya ji ƙyashin minti goma da ƴan orkes za su ɗauka suna bin matakan nan biyar. In kuma aka bi su duka ƙugin bai tafi ba, gara a yi biki da minshari a kai akwatin gyara da safe, da a miƙa wa yaro awartaki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya kiyashe mu, ya sa a yi taro lafiya a watse lafiya.